An Rage Tanki, Direba Yana Nan: Komawa Ga Abincin Gida Bayan Aikin Rage Ƙiba

Duk wanda ya taɓa zaman Kurmi ya san abin da ke fara faɗo wa mutum a rai da zarar mota ta haye kogin Kwara ta miƙa Arewa. Tuwo ne. Mutumin Agege da na Idi-Araba, da na Sabo a Badun, da mai sarin goro a Shagamu, kowa yana da kwanon da yake mafarki. Wani tuwon dawa da miyar kuka a zuba man shanu, wani masa da miyar taushe, mu kuwa mutanen Jos gwate mai zafi da safiyar hunturu. Ba a ce ba a samun waɗannan a Kurmi ba, ana samu, amma na hannun uwa daban yake.

To, yau ga tambayar da muka kawo. Mutumin da likita ya mai da tumbinsa, watau jakar abincin da ke cikinsa, kamar girman ƙwan kaza, in ya koma gida aka dire masa wannan kwano a gaba, yaya zai yi? A da tambayar ba ta da mai yi a cikinmu. Yanzu kuwa akwai asibitocin kuɗi a Ikko da Abuja masu yin aikin rage ƙiba, wasu mutanenmu kuma suna tafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu su dawo. Galibinsu a gidajenmu na Kurmi suke sauka kafin su wuce gida, ko mu ne ke raka su asibiti, ko kuma mu ne ke haɗa kuɗin. Saboda haka maganar ta shafe mu, ko da mu kanmu ba mu da teɓa.

KAWUNA NA DILIMI

Ina da kawu, autan su mahaifiyata, mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi cikin garin Jos. Ga wanda bai san wurin ba, unguwa ce da ta ci sunan kogin da ya ratsa garin, kogin nan da aka yi ta wankin kuza a cikinsa tun farkon ƙarni na 20, yau kuma masu lambu ke ban ruwa da shi da rani. Titin Dilimi kuwa babu direban Filato da bai san shi ba, domin can ake neman duk abin da ya lalace a mota. Kawu yakan zo Ikko sarin kaya a kasuwar Ladipo, wurina kuma yake sauka.

Mutum ne mai jiki tun yana saurayi, da Allah ya buɗa masa sai jikin ya yi ta ƙaruwa har ya kai kilo 130. Mu kuwa kun san halinmu, teɓa alamar hutu ce, kowa ya gan shi sai ya ce Alhaji ya yi kyau. Ana ta yaba kyau, ashe ciwon sukari ya kama shi, jini ya hau, gwiwoyi sun ƙi, har salla sai a kan kujera. Da dare kuma minshari ya sarƙe shi, numfashi ya ɗauke, ya farka a firgice.

Likitoci suna da lissafin da suke yi kafin su yarda su taɓa mutum. Sai su ɗauki nauyinsa a kilo, su raba da tsawonsa a mita, su sake rabawa da tsawon. Mai kilo 130 da tsawon mita 1.7, lissafinsa yana fitowa 45. A shekarar 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ce aikin ya dace da wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 in yana da wata cuta da ƙiba ta jawo. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari. Kun ga ke nan kawu ya wuce layi da nisa.

Aikin iri-iri ne, amma biyu suka fi yawa a yau. Na ɗaya, a yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar wani siriri mai kamar ayaba, wanda abin da yake ɗauka da farko bai kai sulusin ledar fiya wata ba. Na biyu, wanda wani likita mai suna Edward Mason ya soma a Amurka cikin shekarun 1960, shi ne a keɓe 'yar ƙaramar jaka a saman tumbin, kamar ƙwan kaza, a jawo ƙaramin hanji a ɗinka mata, abinci ya riƙa wucewa kai tsaye ba tare da ya bi ta sauran tumbin da farkon hanji ba. Daga baya aka fara yin wannan ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara, ba sai an farke ciki ba. Ku tuna tumbin babban mutum yakan ɗauki lita 1 ko fiye a zama ɗaya.

Na biyun aka yi wa kawu, a wani asibitin kuɗi a Ikko. Da yaran shagonsa suka bugo waya suna tambaya me aka yi wa maigida, sai ya ba su amsa da yaren da suke ji: "An rage mini tanki, an kuma canja wa fayif hanya." Wani tsohon makanike da ke kusa ya karɓi wayar ya ce, "To Alhaji, direban fa, an canja shi?" Muka yi dariya. Daga baya muka gane ba abin dariya ya faɗa ba.

ƘWARYAR FURA

Kawu ya yi mako 3 a wurina, sa'an nan ya matsa sai ya tafi gida. An ba shi takarda mai shafi da yawa da Turanci, ta lissafa abin da zai ci da wanda zai bari, amma duk abincin da ke cikinta na Turawa ne, babu tuwo, babu fura, babu gwate. Ya ninke ta ya sa a aljihun jaka. Na raka shi.

Kakata, mahaifiyarsa, tsohuwa ce mai ƙarfin hali, kuma da yake shi ne auta ba ta ɓoye sonsa kamar yadda take kawaici a kan ɗan fari. Tana ganinsa riga ta yi masa yawa, wuya ya fito, sai ta saki salati ta ce, "Auta, me suka yi maka a Kurmi?" Kafin mu gama gaisawa ta sa an dama fura da nono, an zuba sukari ba tsoro, ta miƙa masa ƙwaryar da hannunta. Na ce, "Hajiya, likita ya hana." Ta harare ni ta ce, "Kai miji na banza, fura ce za ta kashe wanda aka yaye da ita?"

Wane ɗa ne zai mai da hannun uwarsa? Ya sha ludayi huɗu ko biyar. Ba a yi minti 20 ba gumi ya keto masa a cikin sanyin Jos, zuciya tana bugawa kamar ganga, ciki ya murɗa, jiri ya kwashe shi, ya kwanta a tabarma yana nishi, daga nan sai zawo. Gida ya rikice. Wata ta ce maita, wata ta ce ɗinki ya farke, wata ta tafi neman hayaƙi.

Ga abin da ya faru. Tumbin asali yana da ƙofa a ƙasansa wadda ke sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Wanda aka canja wa hanya, abincinsa ba ya bi ta wannan ƙofa. In ya sha abu mai zaƙi da yawa, sai ya zube cikin hanji gaba ɗaya, hanjin ya jawo ruwa daga jini don ya tsarma shi, jiki ya rikice. Yakan zo cikin minti 10 zuwa 30 bayan ci, in mutum ya kwanta kuma yakan lafa da kansa. Akwai kuma na biyu mai zuwa a makare, bayan awa 1 zuwa 3: sukari ya hau da sauri, jiki ya saki insulin fiye da kima, sai sukarin ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya kama rawar jiki da gumi da yunwa, wani har ya suma. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, saboda mutanenmu da yawa direbobi ne. Abin ya fi samun waɗanda aka canja wa hanya, amma waɗanda aka yanke wa tumbi ma ba su tsira duka ba.

Fura ba ta da laifi. Lokacinta ne bai yi ba, kuma sukarin da yawan da aka sha su suka jawo.

IN AN YI WA MOTA RINGI

Kowane makanike a Dilimi zai gaya maka in an yi wa inji sabon ringi ba a ba shi wuta, sai an lallaɓa shi tukuna. Haka likitoci suke tsara komawa ga abinci, mataki-mataki. Kowane asibiti da nasa jadawalin, kuma na likitan da ya yi aikin shi ne abin bi, amma galibinsu kusa suke da juna. Abin da ya rage mana shi ne mu zuba abincinmu a cikin matakan.

Wajen mako 2 na farko ruwa-ruwa ne zalla, ana kurɓa kaɗan-kaɗan: ruwa, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man, madara marar maiƙo, nono mai tsabta ba sukari. Mako 2 na gaba sai abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye, cokali 2 zuwa 4 a zama: wake da aka surfe aka dafa ya narke, alale mai taushi ba mai da yawa, kifi da aka cire wa ƙaya aka murje, ƙwai, kabewa, ɗan dankalin Turawa, wanda Filato ba ta rasa shi. Daga mako na 5 zuwa na 8 sai abin da cokali zai iya yankawa: farfesun kifi, niƙaƙƙen nama a cikin miya, awara dafaffiya maimakon soyayya. Bayan wata 2 ne ake fara taɓa abincin kowa, shi ma sabon abu ɗaya a rana, domin in ya ƙi zama a san wanda ya ƙi. Wanda ya ƙi a yau, a bar shi mako biyu a sake gwadawa.

A nan ne mu mutanen Jos muka yi sa'a da gwate, wanda wasu ke kira fate. Tsakin masara ko acca, a dafa da yakuwa da alayyafo da gauta har komi ya narke, wannan ai kamar don mai sabon ɗinki aka ƙirƙiro shi, muddin an yanka ganyen ƙanana an bar shi ya dahu sosai. Sai dai gwate tsurarsa hatsi ne da ganye. Dole a ƙara masa kifi ko wake ko niƙaƙƙen nama, don abin da jikin ya fi bukata a wannan lokaci shi ne abinci mai gina jiki. Likitoci suna neman mutum ya samu giram 60 zuwa 80 na furotin kowace rana. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Ku yi lissafi da kanku: ƙwai 10 ke nan a rana, ga mai tumbin da ƙwai ɗaya ke cikawa. Wannan shi ya sa babu gurbin da za a ɓata. In bai samu ba, tsoka ce za ta zube tare da kitse, gashi ya kakkaɓe, ƙarfi ya tafi.

Bari in ce wani abu game da acca, tun da mutane sun mai da ita magani. Abinci ce mai kyau, mai sauƙin dahuwa, mai sauƙin narkewa. Amma hatsi ce kamar 'yan'uwanta, in an cika kwano da ita sukari zai hau.

TUWO, DA HAƊIYA

Yanzu mu zo ga babban bako, watau tuwo. Ni a ganina duk wahalar Bahaushe bayan wannan aiki tana cikin abu guda: mu ba ma tauna tuwo. Tun muna yara aka koya mana a yanko loma, a mulmula, a yi mata rami da babban yatsa, a dangwalo miya, a haɗiye. Yaron da ke tauna tuwo dariya ake yi masa. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi, ai aikin yauƙinsu ke nan, su raka loma ta wuce ba tare da haƙori ya taɓa ta ba.

To, mafitar 'yar jakar nan kaurinta kamar na yatsa ne. Loma ta sauka a dunƙule, ina za ta bi? Sai ta tsaya. Mutum ya ji kamar an dasa masa dutse a ƙirji, yawu ya yi ta taruwa, ba ya iya haɗiye ko ruwa, sai ya amayar kafin ya sami sauƙi. Kawu ya sha wannan har sau uku kafin ya sallama. Tuwon shinkafa yana yi, ɗanwake yana yi, sakwara da teba da muka koya a Kurmi sun fi kowa, burodin Agege mai laushin nan kuwa in ya jiƙa a ciki komawa yake kamar danƙo. Shinkafa da taliya su ma sukan kumbura su toshe.

Ba a haramta tuwo ba. An dai juya tsarin cinsa ne. Da, tuwo ne sarki, miya 'yar rakiya, nama kuwa tsoka ɗaya da ake ajiyewa sai ƙarshe. Yanzu sai a fara da naman ko kifin ko waken, sa'an nan ganye, in akwai sauran wuri a kawo tuwo, loma kamar kan ɗan yatsa, a tauna ta har ta zama kunu a baki. Loma biyu ko uku sun isa a farko. A ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci, kuma da an ji alamar cika a tsame hannu. Alamar ba irin ƙoshin da aka saba ba ce: wani nauyi zai ji a ƙirji, wani shaƙuwa, wani gyatsa, wani ma hanci ne zai fara yoyo. Loma ɗaya bayan wannan alama ita ce mai dawo da sauran.

Sai maganar ruwa. A gidajenmu ba a ajiye tuwo ba tare da kwanon sha a gefensa ba. Shi kuwa an ce kada ya haɗa ci da sha: ya dakata da ruwa kamar minti 30 kafin ci, ya kuma jira minti 30 bayan ci. In ya haɗa, ko dai ruwan ya cika wurin abinci ya jawo amai, ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri, yunwa ta dawo. Amma kuma dole ya sha aƙalla lita 1 da rabi a yini, watau ledar fiya wata 3, da kurɓi-kurɓi tsakanin abinci. Ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da ke mai da irin waɗannan mutane gadon asibiti a makonnin farko.

Abin da takardar asibiti ba ta faɗa ba shi ne cin tarayya. A ƙofar shagon kawu da azahar tire ɗaya ake sa wa gaba, mutum shida ko bakwai, wanda ya yi sanyin hannu ya tashi da yunwa. Mai tauna kowace loma ba zai iya wannan tsere ba. In kuwa ya ware da ɗan kwanonsa, sai a ce Alhaji ya yi kuɗi ya daina cin abinci da talakawa. Kawu ya daɗe yana jin nauyin wannan, har ya gane gara ya faɗa musu gaskiya. Yanzu yakan zauna a cikinsu da nasa kwanon, su cinye tire su wanke hannu, shi yana kan tsokarsa ta biyu, suna yi masa tsiya yana ramawa.

Nama kuwa, wanda jiki ya fi bukata, shi ne mai wuyar zama. Tsire da balangu da kilishi da soyayyen naman layya duk busassu ne, mutane da yawa sukan yi watanni kafin cikinsu ya karɓe su. A fara da kifi da kaza da nama mai romo wanda ya dahu ya yi luguf. Jijiya da ganda a bar wa masu cikakken tumbi. Hanta tana da amfani saboda ƙarin jini. A kuma yi hattara da abubuwa masu zare da ɓawo, irin su ɓargon lemo da mangwaro mai zare, don sukan dunƙule a ciki su toshe hanya.

ƁARAWON DA BA YA FASA ƘOFA

Ku lura da wani abin mamaki. Abincin da ke ba mutum wahala, nama da tuwo, shi ne ke tsayawa a jaka ya ƙosar da shi. Wanda ke wucewa salin-alin ba ciwo, shi ne mai dawo da ƙiba. Aikin ya rage wurin abinci mai tauri, amma bai sa wa ruwa shinge ba.

Galibin waɗanda aka yi wa aikin sukan zubar da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu a shekara ta farko zuwa ta biyu. A lokacin yunwa ma ba ta cika damunsu ba, saboda aikin yana taɓa sinadaran da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa da ƙoshi. Daga baya yunwa takan dawo, jaka ta ɗan saki, ciki ya saba da zaƙi kaɗan-kaɗan. Nan direba yake karɓar sitiyari.

Kawu ya sauka ƙasa da kilo 95, sukari ya daidaita har likita ya rage masa magani, ya koma yin sujada da goshinsa. Sai hunturu ya zo. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,000, sanyinta kuwa sai wanda ya kwana a can. Ga mai shayi a bakin layi. Kofi ɗaya da safe, madarar gwangwani, sukari cokali uku, wani da hantsi in baƙo ya zo, wani da la'asar. Tsakani ga kunun zaƙi, ga kunun gyaɗa, ga zoɓo, ga lemon kwalba in an yi ciniki mai kyau, alhali kwalba ɗaya 'yar madaidaiciya takan ƙunshi sukari kamar cokalin shayi 8 ko 9. A cikin aljihun tebur kuma ga cincin da biskit da soyayyar gyaɗa, ana jefawa a baki ana lissafi. Shi a ransa bai ci komi ba, tun da bai zauna gaban kwano ba. Da ya hau sikeli sai ga kilo 9 sun dawo.

Gyaran bai zama barin shayi ba, don wanda ya ce mutumin Jos ya bar shayi bai san Jos ba. An cire sukarin, an rage madarar, an tsai da lokutan ci, uku manya da ɗan abin taɓawa sau biyu, an kwashe abin da ke cikin aljihun tebur. Fura ma ta dawo: nono ya fi yawa, fura 'yar kaɗan, ba sukari, rabin kofi, a sha da cokali. Masa guda ɗaya ranar Juma'a, bayan an ci naman miyar. Lemo mai gas ne kaɗai ya tafi bai dawo ba, saboda iskar tana kumbura jakar ta sa ciwo.

ƘWAYOYIN DA BA A BARI

Akwai kuskuren da ya fi komawar ƙiba hatsari, kawu kuma ya yi shi. Da ya ji garau sai ya daina shan ƙwayoyin bitamin, ya ce lafiyayye ba ya shan magani, ga kuma tsada. Alhali farkon hanjin nan da aka kauce wa, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, bitamin B12 kuma sai da taimakon tumbi yake shiga jiki. Saboda haka waɗannan ƙwayoyi na har abada ne, wasu ma allurar B12 ake yi musu duk wata 3. Ba a haɗa na ƙarfe da na kalsiyam a sha lokaci ɗaya, kuma shayi yana rage shigar na ƙarfe, a raba su da awa 2. Kawu bai farga ba sai da kasala ta rufe shi, yana haki in ya hau mataki, tafin ƙafa yana masa kamar tafiyar kiyashi. Gwajin jini ya nuna abin da ya ƙare. Wannan gwaji ana so a riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ba sai an dawo Ikko ba. A Jos akwai asibitin koyarwa na jami'a a Lamingo, ga asibitin ƙwararru na jiha, ga Jankwano.

'Yan'uwa kuma su riƙe wannan da kyau: in wanda aka yi wa aikin ya yi kwanaki yana amai ba ya riƙe komi, bitamin B1 yana iya ƙarewa a jikinsa cikin 'yan makonni. Alamarsa ruɗewa, da ganin abu biyu-biyu, da tangaɗi a tafiya. Kada a tsaya cewa iska ce ko sammu, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita irin aikin da aka yi masa. Haka nan ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, ko aman jini.

Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tambaya, irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, har da garin Alabukun da direbobi ke afawa, wanda asfirin ne a cikinsa, suna iya haddasa gyambo a wurin ɗinkin. Taba ma haka. Mace kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Game da azumi, likitoci da yawa suna ba da shawarar kada mutum ya ɗauka in bai cika wata 6 zuwa shekara da aikin ba, sai ya tambayi likitansa ya kuma tambayi malaminsa yadda zai rama. In lokacin ɗauka ya yi, buɗa-baki ne wurin hatsari, domin dabino da kunu da ƙosai da lemo duk a minti biyar, ƙwaryar furar kakata ce aka sake damawa. Dabino ɗaya, kurɓin ruwa, a je a yi salla, sa'an nan a dawo a ci a hankali, a yi ta kurɓar ruwa har sahur.

Da na je Jos da Babbar Salla, na tarar kakata ta sayi wani ɗan kwanon silba irin na yara, ta hana kowa taɓawa. Da azahar ta sa an yi gwaten acca, ta zauna da kanta tana cire wa busasshen kifi ƙaya tana marmasawa a ciki. Ta zuba ludayi ɗaya da rabi, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali, ta kira yaron da zai kai Dilimi. Matar kawu ta miƙo gorar ruwa a haɗa, sai tsohuwa ta ture ta ce, "Ba yanzu ba, sai ya yi rabin awa." Ta juyo ta gan ni ina murmushi, ta ce, "Kai kuma me kake kallo? Jeka ɗauko babban kwano, kai ba a rage maka komi ba."